Soyayyar shinkafa irin ta Japan a gida: wai dole sai wadda ta kwana?

Maman_Ilham:
Assalamu alaikum 'yan gida, da fatan an wuni lafiya. Don Allah masu sanin girkin waje ku taimaka min. Soyayyar shinkafar nan ta 'yan Japan da ake yi da ƙwai da lawashi kawai, ba kori ba tayim ba hanta, ita nake so in iya saboda yarana sun fi son abu marar nauyi da daddare. Tambayata biyu ce. Ta farko duk inda na duba cewa ake sai shinkafar da ta kwana a firij, to mu da wuta ba ta zama a unguwarmu ya za mu yi, ko ana iya yi da sabuwar dafuwa? Ta biyu wace shinkafa ce ta fi dacewa cikin waɗanda muke samu a kasuwa, don na ga tasu gajera ce mai ƙiba ba irin doguwar nan da muka saba ba.

Ummu_Sadik:
Wa alaikumus salam. Ai ba wani abu ba ne Maman Ilham, ki yi soyayyar shinkafarki da kika saba ki cire kori ki zuba soya sos, baƙin ruwan ɗanɗanon nan na waken soya, shi ke nan.

Hajjo_Kicin:
A'a Ummu Sadik ba haka ba ne fa, tsarin ma gaba ɗaya daban. Tamu ta biki a ruwan nama ake dafa ta da kori, ɗanɗanon tun daga tukunya ya shiga, sai a soya su karas da koren wake a juya. Tasu kuwa farar shinkafa ce zalla ko gishiri ba a sawa wajen dafawa, duk ɗanɗanon a kasko yake shiga cikin minti uku zuwa huɗu. In kika tuttula soya sos a kan tamu abin da za ki samu baƙi ne mai gishiri, ba tamu ba ba tasu ba.

Kabiru_Osaka:
Salamu alaikum. Anti Maman Ilham ni a nan Japan nake karatu kuma abincin da ya riƙe mu kenan mu ɗalibai, bari in faɗi abin da na gani da idona. Suna biyu suke kiranta, cahan da yakimeshi. Cahan daga wajen Sinawa ta shigo, waɗanda suka zauna a garuruwan bakin teku irin su Yokohama da Kobe da Nagasaki, shi ya sa har yau a shagunan abincin Sin da na taliyar ramen aka fi sayar da ita, ka sayi ramen a haɗo maka da rabin faranti a gefe. A nan ɓangaren Osaka kuma yakimeshi za ka fi ji a bakin mutane. Wasu suna cewa bambancin shi ne a cahan ƙwai ake fara zubawa, a yakimeshi kuma shinkafa ce farko, amma mutanen gari ba su cika tsayawa kan wannan ba kowa abin da ya tashi ya ji ana faɗa a gidansu shi yake faɗa.

Maganar kwana kuwa, da yawa daga masu koyar da girki a nan cewa suke a yi da shinkafa mai ɗumi, ko ta kwana a firij ɗin ma sai an ɗumama ta tukuna. Dalili shinkafarsu mai danƙo ce, in ta yi sanyi dunƙulewa take ta yi tauri, kina jefa ta a kasko sai ta kashe zafinsa, ki tsaya kina fama da fasa curin har ƙwan ya bushe ita kuma ta dame. Ruwa ake gudu a jikinta. Ki rage ruwan dafawa kaɗan, in ta nuna ki baza ta a tire mai faɗi ta sha iska kamar minti goma tururin ya fita, ta yi kenan ba sai ta ga firij ba.

Maman_Ilham:
Kai Allah ya yi maka albarka Kabiru, Allah ya ba da sa'ar karatu. To ka ƙarasa ladanka mana, yadda ake soyawar fa daki-daki.

Kabiru_Osaka:
Amin Anti. Na mutum ɗaya zan faɗa. Dafaffiyar shinkafa cikin ƙaramin kwano, wajen giram 200. Ƙwai 1, in kina so ya ji ƙwai 2. Lawashi a yanka ƙanana sosai, ɗan nama ko kaza da aka riga aka dafa a yayyanka kamar girman wake, gishiri, masoro, soya sos ƙaramin cokali 1, mai babban cokali 1. Ki jera komai kusa da hannunki kafin ki kunna wuta don da an fara babu tsayawa neman gishiri.

Kasko ya yi zafi sosai ki zuba mai, ki juye ƙwan da kika kaɗa. Kar ki jira ya soyu, da kin ga bakinsa ya fara kumbura tsakiyar kuma tana ruwa-ruwa sai ki kifa shinkafar a kai, ki juya ƙwan ya dawo sama, sai ki dinga dannawa da bayan ludayi kina rabawa, ba tuƙawa ba. Kunnenki ma zai gaya miki, da farko ƙarar jiƙaƙƙiya ce, can sai ta koma ƙas-ƙas ki ga ƙwayoyin suna ɗan tsalle a gefen kasko ƙwai ya manne musu ƙanana ƙanana. A nan za ki sa nama da gishiri da masoro da lawashi. Soya sos shi ne na ƙarshe kuma ba a kan shinkafar ake zubawa ba, ki matsar da ita ki zuba a jikin kaskon inda babu komai, zai tafasa nan take ya yi wani ƙamshi na ɗan ƙauri mai daɗi, ki juya ki sauke. Kuma kar ki yi na sama da mutum biyu a lokaci guda, wutar gas ɗin gida ba ta da ƙarfin da za ta ɗauka.

Zee_Kaduna:
Na mutum biyu?? Malam Kabiru mu tara ne a gidanmu banda baƙi, kafin in gama na ƙarshe na farko ya sake jin yunwa. Wannan girkin 'yan hostel ne gaskiya.

Hajjo_Kicin:
@Zee_Kaduna minti huɗu ne fa kowane zubi in kin shirya komai, sau biyar minti ashirin, bai kai lokacin da kike ɓatawa kan jajjagen dafa-duka ba. Ni kula nake ajewa a gefe duk wanda na sauke in juye. In kika lafta duka a kasko ɗaya tururi ne zai dafa ta ba soyuwa ba, a nan caɓewar take zuwa.

Baban_Amir:
A yi min afuwa na shigo zancen mata. Tambaya ta biyu nake so in taɓa tunda harkar shinkafa nake yi. Doguwar nan ta buhu da ake cewa 'yar gwamnati da kuma ta gida da muke gumawa duk turararru ne, tun tana cikin ɓuntunta ake jiƙa ta a turara a shanya kafin a kai inji, shi ya sa ƙwayarta take da ƙarfi ba ta manne wa juna. Ita ce mafi sauƙin soyawa, ko yaro ya yi za ta yi wara-wara. Sai dai tana da wannan ƙamshin na gumi kuma ba ta da laushi da ɗan zaƙin nan na ɗanyar shinkafa. Wadda ba a turara ba ita ce shinkafar tuwo, kuma a dukkan abin da ke kasuwarmu ita ta fi kusa da tasu wajen danƙo. Matsalarta karyayya ta yi yawa a ciki don masu tuwo ba ruwansu da karyewa. Hajiya in za ki gwada ki ce wa mai awo ya ba ki mai tsawon ƙwaya wadda ba ta farfashe ba, ki tankaɗe ki fitar da gutsattsarin.

Ummu_Sadik:
Shinkafar tuwo a soya? Tab, ni dai ban ga ta inda za ta yi ba, tuwo za a ci da ƙwai.

Fatiti_Jidda:
Ku nemi shinkafar Masar in ana samu a wajenku, nan ruz masri ake ce mata, gajera ce mai ƙiba dangin ta Japan ɗin ce kuma ta fi araha nesa ba kusa ba. Akwai kuma wata Calrose ta Kalifoniya a Amurka ita ma haka take, a manyan kantuna wani lokaci za ku ga an rubuta shinkafar sushi a leda to duk gidan ɗaya ne. Ni da ta Masar nake yi wa yara. Basmati kuwa ban ba da shawara ba, tana yin wara-wara kam amma ƙamshinta yana danne komai sai ki ji kamar wani abincin daban kike ci.

Malama_Hauwa:
In ƙara kan bayanin Baban Amir. Sitacin da ke cikin shinkafa iri biyu ne, akwai amilos akwai amilofektin. Dogayen nan irin basmati amilos ɗinsu ya fi yawa shi ya sa suke rarrabewa, gajerun Japan irin su Koshihikari kuma nasu kaɗan ne sai su yi danƙo da sheƙi. To kun ga abin da mai girkin Japan yake fama da shi shi ne raba shinkafar da halinta mannewa ne, duk dabarun nan na ƙwai da zafin kasko a kan haka aka gina su. Mu da muke amfani da turararriya ba mu da wannan matsalar, tamu matsalar bushewa ce, in aka bi umarnin nan na a kwanar da ita a firij sannan a soya sai ta yi tsatsa a baki. Don haka amsar tambayar Maman Ilham ta danganta da irin shinkafar da ke hannunta.

Nas_Rukayya:
Don Allah ku saurare ni kan maganar kwana ɗin nan, ya fi duk sauran muhimmanci a wajena. Akwai ƙwayar cuta da ake kira Bacillus cereus da take zama a ɗanyar shinkafa, dafuwa ba ta kashe 'ya'yanta. In aka bar dafaffiyar shinkafa a waje cikin zafi sai su farfaɗo su saki guba, kuma gubar nan ko an sake soyawa ba ta mutuwa, amai ne cikin awa ɗaya zuwa biyar bayan an ci. Ƙa'idar ita ce a sanyaya ta da wuri cikin kamar awa ɗaya a sa a firij mai sanyi, a ci washegari, kuma sau ɗaya ake ɗumamawa. Firij ɗin da aka ɗauke wuta tun magariba ba a kawo ba sai asuba, a watan Afrilu, wannan ba firij ba ne. Maman Ilham tunda kin ce wuta ba ta zama ki bi hanyar Kabiru kawai, yara za ki ba.

Inna_Talatu:
To mu da muka tashi da ɗumame fa 'yar nan, ga mu nan da ranmu.

Nas_Rukayya:
Allah ya ƙara lafiya Inna. Ba kowane lokaci yake kamawa ba shi ya sa ba a lura, in ya kama kuma sai a ce shawara ce ko sanyi. Ni dai ina ganin yaran da ake kawowa.

Abu_Hafsa:
Ni tambayata daban ce. Na ji an ce girkin mutanen nan da wuya ka raba shi da alade da giya, kuma shi kansa soya sos ɗin akwai magana a kansa. Kabiru tunda kana can ka warware mana, kar mu je muna koyon abin da zai sa mu cikin shubuha.

Kabiru_Osaka:
Malam Abu Hafsa tambayarka a kan hanya take. Wadda ake sayarwa a shaguna a nan yawanci da gasasshen naman alade ne da suke kira cashu, wasu ma da kitsensa suke soyawa, shi ya sa mu ba ma saye sai a wajen da aka tabbatar halal ne, a ɗaki muke yi. Amma a gida ba ka buƙatar ko ɗaya, kaza ko jatan lande ko naman sa duk suna yi. Giyar girki kuma iri biyu ce, sake da mirin, mirin na asali barasarsa ta kai wajen kashi 14 cikin 100, wasu suna ɗiga sake a cahan amma ba ya cikin ginshiƙanta, ka bar shi babu abin da ya ragu.

Soya sos ne mai ɗan zance. Na Japan da waken soya da alkama da gishiri ake tsima shi wata da watanni, garin tsimuwar yana fitar da 'yar barasa wajen kashi 2 cikin 100, wasu kamfanonin ma suna ƙarawa don kar ya lalace. Malamai sun yi saɓani, akwai masu ganin ba abin sha ba ne kuma ba ya bugarwa, akwai masu cewa a nisanta. Ni ba malami ba ne, abin da nake yi shi ne in sayi mai tambarin halal, akwai na Maleshiya da Indunusiya da yawa kuma a Japan ɗin ma ana yi. Sai dai a kula kar a ɗauko na Indunusiya mai kauri mai zaƙi, da baƙin nan na Sin mai kauri da ake sawa don launi, mai ruwa-ruwa ake nema.

Abu_Hafsa:
Jazakallahu khairan, ya wadatar. Zan duba kwalbar da ke gidana.

Zee_Kaduna:
Ni fa wadda na gani a bidiyo mai girkin yana yi a kan wani faffaɗan ƙarfe a gaban masu ci yana jefa ƙwai sama, kuma bota ya zuba da tafarnuwa da yawa har da karas da fis, ba ta yi kama da wadda Kabiru ya faɗa ba ko kaɗan. Wacce ce ta gaskiyar?

Sadiya_Houston:
@Zee_Kaduna wannan tamu ce ta nan Amurka, hibaci suke ce mata. Gashi a kan faffaɗan ƙarfen daga Japan yake, teppanyaki, wani gidan abinci Misono a Kobe ne ya fara a 1945, amma wasan jefa ƙwai da wuƙaƙe gidan abincin Benihana ne ya yaɗa shi, wanda wani ɗan Japan Rocky Aoki ya buɗe a New York a 1964. Tana da daɗi kam ba ƙarya sai dai ta fi maiƙo. In ita kike so ki soya da mai kaɗan ki jefa bota da niƙaƙƙiyar tafarnuwa a ƙarshe, kar ki fara da botar ƙonewa take.

Kabiru_Osaka:
Haka ne Anti Sadiya, a nan ma gidajen teppanyaki suna yin shinkafar tafarnuwa a ƙarshen cin nama amma ba su cika mata kayan lambu.

Hadiza_Maradi:
Sannunku da hira. Ni kan gawayi nike yi kuma wallahi ta fi ta gas, in gawayin ya kama ya yi ja wutar ta fi ƙarfi kuma na mutum ukku ma yana yi in kaskon ƙarfe ne mai kauri. Kuma ni kilishi nike yayyankawa ƙanana in sa maimakon nama, yajinshi da ƙulinshi su narke ciki, da ɗan attaruhu guda. Maigida bai yarda da abincin da babu yaji ba.

Ummu_Sadik:
To Hadiza in an sa kilishi da attaruhu ina Japan ɗin ta rage kuma, ai kin dawo inda na ce tun farko.

Hadiza_Maradi:
Hanyar suyar ce tasu 'yar uwa, farar shinkafa da ƙwai da wuta mai ƙarfi. Abin da za a jefa ciki kowa da na garinsu.

Kabiru_Osaka:
Ina bayan Anti Hadiza a nan. Su kansu abin da ya rage a firij suke zubawa, akwai ta letas da ake jefa shi a sakan na ƙarshe yana ƙaras-ƙaras, akwai ta kaguwa, ta kifin salmon, ta kimci wato tsimammen kabeji mai yaji, a tsibirin Kyushu da wani tsimammen ganye takana suke yi. Abin da na lura kawai ba sa cika kaya, shinkafar ce gaba sauran rakiya suka yi, kuma duk abin da zai fitar da ruwa kamar tumatir ko albasa mai yawa ana kaffa-kaffa da shi.

Maman_Ilham:
Ina ta karantawa ina rubutawa wallahi na gode muku. Wani abu kuma, ba a sa magi ne? Don gishiri da soya sos cokali ɗaya ina ganin kamar zai yi salam.

Hajjo_Kicin:
Ana sawa mana, farin magi ma kuwa, ai nasu ne. Ajinomoto kamfanin Japan ne, wani malamin jami'a a Tokyo Kikunae Ikeda shi ya gano sinadarin daga ganyen teku a 1908 aka fara sayarwa a 1909. Ɗanɗanon nan na cahan ɗin shago da mutane suke kasa samu a gida rabinsa shi ne, sai garin romon kaza. Ɗan kaɗan a bakin yatsu ya isa. In dunƙule za ki sa ki murmushe rabi ki rage gishiri don soya sos ma gishiri ne.

Inna_Talatu:
Farin magi dai ba ya shiga tukunyata, na bar muku.

Malama_Hauwa:
Inna ra'ayinki ne kuma ba dole, amma don masu karatu, daga rake ko rogo ko masara ake tsima shi kuma hukumomin abinci sun amince da shi in ba a wuce kima ba. Sinadarin da ke cikinsa akwai shi a tumatir da daddawa, shi ne ma yake sa daddawa take gyara miya. Kuma 'yan Japan suna da tasu daddawar ta waken soya, natto, dangin ƙwayar halitta ɗaya ce take tsima su, har soyayyar shinkafa suna yi da ita.

Inna_Talatu:
To kin ga wannan na yarda, a sa 'yar daddawa dakakkiya.

Zee_Kaduna:
Inna daddawa a shinkafa da ƙwai anya kuwa

Sadiya_Houston:
Wata dabara ga masu tsoron dunƙulewa, ki fasa ɗanyen ƙwan a cikin shinkafar tun a kwano ki cakuɗa kowace ƙwaya ta shafu kafin ki zuba a kasko, fitowa take ruwan gwal gaba ɗaya kuma ba ta mannewa ko kaskonki ba mai kyau ba ne. Wasu kuma mayonis suke cakuɗawa babban cokali ɗaya maimakon mai, tsaminsa yana tashi a wuta ba a ji.

Hajjo_Kicin:
Ni ban son wannan hanyar Sadiya. Tana rabuwa kam amma bushewa take, kuma ba ka samun gutsattsarin ƙwai masu laushin nan da ke sa a ji ana cin abu biyu a baki. Gara mutum ya koyi kifa shinkafa kan ƙwai mai ruwa-ruwa, hannu ne yana sabawa. In dole ne a raba, ƙwai ɗaya a cakuɗa ɗaya a soya.

Baban_Amir:
Man riɗi fa ban ji an ambata ba. Riɗin da ake lodi daga Jigawa da Nasarawa da Binuwai Japan tana cikin manyan masu sayensa, su matse su sa a girki mu kuma mu tsaya a kantu.

Kabiru_Osaka:
Gaskiya ne Baba. Nasu na soyayyen riɗi ne shi ya sa yake da duhu da ƙamshi mai ƙarfi, ɗigo kaɗan ake yi a ƙarshe bayan soya sos, ba a suya da shi duka don yana hawa kai. Wanda bai samu ba ya soya riɗin sama-sama ya barbaɗa. Kuma da za ka ga yadda shinkafa ta yi tsada a nan da ka yi mamaki, daga 2024 zuwa 2025 kuɗinta ya kusan ninkawa kilo 5 ya haura yen 4,000 har gwamnati ta buɗe rumbunta na ajiya, ministan noma ma sai da ya sauka a watan Mayun 2025 saboda ya ce shi bai taɓa sayen shinkafa ba magoya baya suke ba shi.

Baban_Amir:
Ikon Allah, ashe ko'ina da nasa.

Ummu_Sadik:
Ku dawo kan tambaya. Ni har yanzu ina kan cewa wadda ta kwana ta fi, ko a gidajen abinci haka na ga suna yi, sabuwa komai ka baza ta akwai laima a jikinta. Wanda yake da sola ko firij mai riƙe sanyi ya kwanar da abarsa.

Fatiti_Jidda:
Da ta Masar ɗin duka biyun suna yi min, amma in ta kwana sai na watsa mata ɗan ruwa na ɗumama na fasa curin da hannu kafin ta shiga kasko, to kin ga kusan an dawo maganar Kabiru. Wajen dafa ta kofi ɗaya na shinkafa ruwa kofi ɗaya da 'yar ɗoriya, a wanke har ruwan ya kusa yin garau, a jiƙa minti talatin, a rufe a rage wuta kar a buɗe, in an kashe a bar ta minti goma.

Maman_Ilham:
To Anti Fatiti awon ruwan nan zai yi wa shinkafar tuwo, ko Baban Amir ka san nata? Don ita ce a kusa da ni, ta Masar sai na shiga cikin gari.

Baban_Amir:
Hajiya ya danganta da sabuwa ce ko tsohuwa, ta kaka ba ta son ruwa ko kaɗan, wadda ta shekara a buhu ta fi sha. Ki fara da kofi ɗaya ruwa kofi ɗaya, kar ki jiƙa ta tunda ta fi tasu saurin narkewa, in kin ga da sauran tsatsa ki yayyafa ki rufe. Ko kuma ki yi mata irin turarin dambu a madambaci, ki ɗan tafasa ta minti biyar ki tsane sannan ki turara, haka ba yadda za a yi ta caɓe.

Hajjo_Kicin:
Turarin nan dabara ce mai kyau Baba amma aikin ya ƙaru, tukunya biyu kafin a zo kasko. Maman Ilham ni da zan ba ki shawara ki fara koyon hannun da 'yar gwamnatin da ke gidanki mai ɗumi, ki ɗan bar ta ta yi laushi fiye da yadda kike yi wa shinkafa da miya, in kin iya lokacin ƙwan da zuba sos a gefe sai ki koma ta tuwon.

Malama_Hauwa:
Ni kuma da ta tuwon zan ce ta fara Hajjo, don in ta saba da turararriya ba za ta koyi rabawar ba tunda ita da kanta take rabuwa. Ta dafa kofi ɗaya kawai na gwaji ranar da ba a jiran abincin.

Hadiza_Maradi:
Kuma ta nemi kaskon ƙarfe mai kauri ko wanne za ta yi, na alminiyon ɗin nan sirara ƙasan yana kamawa tun kafin saman ya ji wuta.